Tsohon Injin Ƙawata Katako: Kayan Gyaransa da Hanyar Kawo Shi Gida



Sharhinmu na yau na kafintoci ne, musamman waɗanda aikinsu ya wuce haɗa katako da ƙusa ya kai ga ƙawata shi. Ina nufin masu fitar da ƙafar gado murɗaɗɗiya, da ginshiƙan matakalar bene masu tsaga a jere, da furen da ake sassaƙawa a ƙofa ko a goshin mumbari. Akwai injina da aka ƙera domin wannan aiki kaɗai. Tun da wayar hannu ta shigo da kasuwannin Ingila da Amurka cikin aljihun kowa, matasan kafintocinmu suna cin karo da tsofaffin irin waɗannan injina ana tallarsu a farashi mai jan rai. Ni ina cikin masu son a saye su. Ina son in ga gadon amarya da aka yi a Kano ko Zariya ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda ake kira ɗan Turkiyya. Sai dai kuɗin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton inji shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Darajar injin tana cikin ƙananan kayan da ke tare da shi, sannan tana cikin yadda aka ɗaure shi kafin ya hau ruwa. Wanda ya yi sakaci da waɗannan biyu ya sayi nauyin ƙarfe kawai.

Bari mu fara da yadda injin yake aiki, domin daga nan ne mutum zai gane abin da ya kamata ya tambaya.

A injin juya katako na yau da kullum, katako ne ke gudu, kafinta kuma yana riƙe da kurfi a hannu yana fiƙe shi. Abin da zai fito kewayayye ne kawai. A injin ƙawa kuwa an juya lamarin. Bakin yanka shi ne ke gudu da ƙarfi, katako kuma ko dai ya tsaya cak a kulle, ko ya riƙa juyawa a hankali gwargwadon yadda bakin ke tafiya a tsawonsa. Idan an kulle katakon aka ja baki daga wannan kai zuwa wancan, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya ta fito. A buɗe, a juya shi kaɗan, a sake kullewa, a sake ja. Abin da ke tabbatar da cewa tazarar tsaga da tsaga daidai take shi ne farantin rabo, wani faranti mai layukan ramuka da ake soka masa tsinke. Idan kuma ana son murɗi, sai a haɗa juyawar katako da tafiyar baki ta hanyar giyoyi masu haƙora da wata doguwar sanda mai zare. Kowane haɗin giya da irin murɗin da yake bayarwa, wani matsattse, wani sakakke. Ke nan giya da faranti su ne basirar injin baki ɗaya.

Wannan fasaha tsohuwa ce a Turai. Sarakuna ma sun yi ta don nishaɗi, har Sarkin Rasha Bitrus Mai Girma yana da ɗakin irin waɗannan injina, wasunsu suna ajiye a gidan tarihi na birnin San Fitasbag. Amma sunan da ya fi fice shi ne Holtzapffel. John Jacob Holtzapffel mutumin yankin Alsas ne da ya koma Landan a 1792, ya kafa masana'antarsa, ya sayar da injinsa na farko a 1795. Daga nan zuwa 1928 gidan ya fitar da injina fiye da 2,500, kowanne da lambarsa, kuma kundin da aka rubuta lambobin da sunayen masu saye yana nan har yau. Charles ɗan John Jacob ya fara wallafa littafin wannan sana'a a 1843, ɗan Charles kuma ya kammala juzu'i na biyar a 1884. A 1948 masu sha'awar aikin a Ingila suka kafa ƙungiyarsu, tana nan tana aiki. Waɗannan injina da ƙafa ake taka su, ba ruwansu da wutar lantarki, abin da zai burge duk wanda ya san halin wuta a garuruwanmu. Sai dai yanzu sun zama kayan tarihi, masu tara tsofaffin kaya suke rububinsu a wurin gwanjo, kuma an yi su ne don ƙananan abubuwa irin su akwatin turare da kan sanda. Ba su ne abin neman mai yin gado ba.

Abin neman mai yin gado shi ne jikokinsu na zamani, waɗanda ake ɗora wa rauta a sama, wato injin hannu mai juya bakin yanka. Kamfanin Sears na Amurka ya sayar da wani ƙarami mai suna Router Crafter, wanda waya ce ke jan keken da ke ɗauke da rautar a maimakon giya. Kamfanin Trend na Ingila ya sayar da makamancinsa. Sai kamfanin Legacy da ke jihar Yuta ta Amurka, wanda ya ƙera manya masu dogayen layuka da jerin giyoyi, masu iya ɗaukar ginshiƙi mai tsawo. Daga baya kamfanin ya karkata ga injina masu aiki da kwamfuta, masu shaguna da yawa a can su ma suka bi wannan hanya, shi ya sa na hannun suka yawaita a kasuwar tsofaffin kaya. A ganina na hannun nan sun fi dacewa da shagunanmu. Da hannu ake juya mariƙi, rauta kaɗai ke shan wuta, ƙaramin janareto ya ishe ta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, katako bai lalace ba, sai a ci gaba daga inda aka tsaya. Babu allon lantarki da ƙurar hunturu za ta kashe, babu manhajar da za a jira wani ya zo daga Legas ya gyara.

To, ga inda matsalar take. Inji irin wannan yakan yi shekara ashirin ko talatin a garejin wani dattijo. Idan ya rasu, magada su kwashe kaya. Gangar injin babba ce, kowa ya gan ta, sai a ɗauki hotonta a sa a kasuwa. Giyoyin kuwa suna cikin wani kwali a kan kanta, farantin rabo yana rataye a ƙusa a bango, bakunan yanka suna cikin aljihun wani teburi. Mai sayarwa bai san suna da alaƙa da injin ba, ba kuma mugunta ce ta sa ya bar su ba. Mai saye daga nesa ya ga araha ya biya. Sai kaya ya iso ya tarar giya ɗaya ce a jiki, wato murɗi iri ɗaya tak zai yi ta yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan maganar ta zauna daram.

Don haka kafin a yi maganar kuɗi, a nemi littafin injin. Yawancin waɗannan littattafai ana samunsu a intanet kyauta, kuma a ciki akwai jerin duk abin da ya fito tare da injin daga masana'anta. A ce wa mai sayarwa ya shimfiɗa komai a ƙasa ya ɗauki hoto, a ƙirga da ido. A ce ya juya mariƙin a bidiyo daga farkon layi zuwa ƙarshe, a ga ko keken yana tafiya sumul ko yana cijewa a tsakiya, domin doguwar sandar nan idan ta lanƙwashe ko zarenta ya cinye, murɗin ba zai taɓa fita daidai ba. A ce ya rubuta kwanan watan ranar a takarda ya ajiye a kan injin a cikin bidiyon. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce a yi sauri wani na jira, a bar masa kayansa. Sayen kifi a ruwa ne dama, bai kamata a ƙara masa da rufe ido ba.

Farantin rabo ma a duba lambobinsa, domin lissafi ne tsagwaronsa. Layi mai ramuka 96 zai raba ginshiƙi gida 4, 6, 8, 12, 16 ko 24, amma ba zai raba shi gida 5 ko 10 ba. Wannan sai layi mai 120. Mai son gida 7 kuma sai layi mai 112. Tsofaffin injinan Ingila sukan zo da layuka da dama a faranti guda saboda wannan dalili. Kafintan da ya san irin zanen da abokan cinikinsa ke so, ya san layin da ba zai iya rayuwa ba tare da shi ba.

Yanzu mu zo kan kayan gyara da na ƙarin inganci, inda na fi son mu daɗe, domin a nan kuɗi ke zurarewa a hankali ba a sani ba.

Duniya ba ta taɓa haɗuwa a kan ma'auni ɗaya ba. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila zaren noti mai kusurwa digiri 55. A 1864 William Sellers ya tsara wa Amurka nata mai digiri 60. Sauran Turai suka tafi a kan milimita. Notin rabin inci na Whitworth yana da zare 12 a kowane inci, na Amurka yana da 13. Da ido ba za ka bambance su ba. Za ka ɗaura ya shiga zagaye biyu ya cije, yaron shago ya ɗauko sifana ya matsa da ƙarfi, zaren da ke jikin injin ya tafi. Noti abin naira kaɗan ne, amma ramin da ya lalata a jikin ƙarfen zubi aiki ne babba. Injinan Holtzapffel kuwa sun girmi tsarin Whitworth, suna da zarensu na gida, har ma akan buga lambar inji a jikin kayansa saboda a san nasa ne. Akwai wani ɗan ma'auni mai ganyayyaki da ake gwada zare da shi, ba shi da tsada. Duk mai niyyar riƙe tsohon inji ya mallake shi tare da ma'aunin kauri mai nuna inci da milimita. Kuma idan injin ɗan Amurka ne, a sa mai ɗaure kaya ya zuba ledar notuna na inci a cikin akwatin, domin a kasuwanninmu na milimita ne suka fi yawa.

Hancin da ake ɗaura mariƙin katako a kai shi ma haka. A Amurka an fi samun mai kaurin inci 1 da zare 8, a Turai an fi samun mai milimita 33. Akwai mahaɗi da ake sayarwa tsakanin biyun, amma kowane mahaɗi yana ƙara ɗan rawa, rawa kuma ita ce abokiyar gabar aikin ƙawa. Gara a nemi mariƙin da ya dace da hancin tun farko.

Giya ta fi kowanne wuyar sha'ani. Ba yawan haƙora kaɗai ake dubawa ba. Akwai girman haƙorin, wanda Amurka da tsohuwar Ingila ke aunawa da inci, sauran duniya da milimita. Akwai kuma karkatar haƙorin, tsofaffi da yawa digiri 14 da rabi, na zamani digiri 20. Giya biyu masu haƙora 40 kowacce za su iya ƙin cin juna, ko su ci da ƙara da gurnani, su riƙa barin tabo a jikin katako a kowane zagaye. Saboda haka mai neman ƙarin giya ya ɗauki ɗaya daga cikin na jikin injin ya tafi da ita a hannu, kada ya dogara da kwatance ta waya.

Akwai wani wuri da nake roƙon 'yan'uwa kafintoci su saurara da kyau, domin maganar rai ce. Bakin rauta na Amurka wutsiyarsa rabin inci ce, wato milimita 12.7, ko rubu'in inci, milimita 6.35. Na Turai milimita 12 ne, ko 8, ko 6. Idan aka sa baki mai milimita 12 a mariƙin rabin inci, zai shiga, zai ma yi kamar ya kama. Amma rauta tana juyawa fiye da sau 20,000 a minti. Bakin da bai kamu da kyau ba zai zame ya fito, kuma mai aiki yana sunkuye a kansa. Tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba tana iya raba mutum da idonsa. Kowane baki da mariƙinsa. Idan babu, a ajiye aikin har a samo.

Abin farin ciki, ba komai ne ke da wuya ba. Boris yana da lamba ta duniya a gefensa, irin su 6203 ko 6205, kuma mai wannan lamba ɗaya ne ko a ina aka ƙera shi. A Kofar Ruwa a Kano za a same shi, sai dai a kula da jabu. Bel ma lambarsa na jikinsa. Waɗannan ba sa bukatar a biya musu kuɗin jirgi.

Sai wuta. Gidajen Amurka suna aiki da bolt 120, wutar kuma tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa. Mu a Najeriya da Nijar da Gana muna kan bolt 220 zuwa 230, sau 50 a daƙiƙa, daidai da Ingila da sauran Turai. Rautar Amurka idan aka soka ta a bangonmu kai tsaye, nan take za ta ƙone. Ana iya sa mata taransifoma mai rage wuta, amma babbar rauta mai jan amfiya 15 tana cin wat 1,800, ga fizgar da take yi lokacin tashi, don haka taransifomar sai ta fi haka girma sosai. Shawarata ita ce a bar rautar a can. A rage nauyi, a sayi mai bolt 230 a nan, a huda sabon faranti da zai zaunar da ita a kan keke. Idan kuma injin yana da moto irin na injin niƙa, wanda saurinsa ke bin kai da komon wuta, to wanda aka rubuta masa zagaye 1,725 a minti zai dawo wajen 1,430 a wutarmu, kuma zai riƙa zafi fiye da kima. Masu naɗin kwayil suna iya taimakawa, amma sau da yawa sauya moton ya fi sauƙi. Wannan ne ya sa nake cewa idan inji biyu suka yi kunnen doki, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, a ɗauki na Ingila. Manyan tsofaffin injinan Ingila irin na kamfanin Wadkin da aka kafa a Lesta a 1897 kuwa galibi wuta mai layi uku suke sha. Mai shagon da layi ɗaya gare shi ya sa kuɗin na'urar da ke mayar da layi ɗaya uku a lissafinsa, ya kuma karanta farantin moton ya tabbatar zai karɓi irin wutar da na'urar ke bayarwa.

Mu koma kan tafiya.

Masu sayar da irin wannan inji a Amurka da yawa sukan rubuta cewa sai dai mai saye ya zo ya ɗauka da kansa. Suna da hujja. Injin dogo ne, kamfanonin aika ƙananan kaya ba sa karɓarsa a haɗe, kuma dattijo ko magajiya ba su da ƙarfin ƙera akwati. Ke nan kana bukatar mutum a can, ɗan'uwa ko kamfanin tura kaya, wanda zai je ya gani da idonsa, ya kwance, ya ɗaure. Kuma ƙasar tana da faɗi. Injin da ke Yuta sai ya yi tafiyar kwanaki a mota kafin ya ga teku a Hustan ko Baltimo, kuɗin wannan tafiya kaɗai yana iya kai kuɗin injin. Wanda ke kusa da tashar jirgin ruwa ya fi wanda ke tsakiyar ƙasa araha ko da farashinsa ya ɗara.

Wanda ba zai cika kwantena shi kaɗai ba yakan shiga ta haɗaka, inda ake cajin kaya da girman wurin da ya ci ko da nauyinsa, duk wanda ya fi yawa. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen kubik mita 33. A ce an bar inji a tsaye da ƙafafunsa, akwatinsa ya zama mita 2 a tsawo, santimita 90 a faɗi, mita 1 da santimita 40 a tsayi. Wannan ya haura kubik mita 2 da rabi. A cire ƙafafun a kwantar da su a gefe, akwatin ya dawo santimita 80 faɗi da tsayi, bai kai kubik mita 1 da sulusi ba. Rabin kuɗin jirgi ya tsira da aikin sifana na yini ɗaya. Amma kafin a kwance kowane noti a ɗauki hoto, a sa wa kowane yanki lamba, notunan kowane sashe a ledarsu. Wanda zai haɗa injin a Kano ba shi ne ya kwance shi ba.

Akwatin kansa yana da doka. Tun 2002 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15, wadda ta ce katakon da aka yi akwati ko shimfiɗar kaya da shi sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko an yi masa hayaƙin magani, an buga masa hatimi, don kada ƙwari su ƙetara daga ƙasa zuwa ƙasa. Filawud ba ya cikin wannan doka, saboda zafin da ya sha wajen ƙera shi ya wadatar. Akwatin filawud ya fi sauƙin sha'ani, muddin katakon da aka yi masa ƙashi da shi ma mai hatimi ne.

A cikin akwatin, a ɗaure gangar injin da noti har ƙasan shimfiɗa, igiya kaɗai ba ta isa ba. Ƙarfen zubi yana da nauyi amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma abin da ya fara karyewa shi ne mariƙan hannu da ƙafafu. A cire su. Doguwar sanda mai zare a zura ta cikin bututun roba, a tallafe ta a wurare da yawa, kada a bar ta tana lilo tsakanin kai biyu. Kada kowa ya ɗaga inji ta wannan sanda ko ta hancinsa. Sannan tsatsa. Kwantena tana zafi da rana ta huce da dare, gumi ya taru a rufinta ya riƙa ɗiga a kan kaya makonni a jere, ga iskar gishiri. Duk inda ƙarfe yake tsirara a shafe shi da giris, a naɗe da leda, a jefa ƙunshin maganin shan danshi a ciki. Giyoyi da faranti da bakunan yanka kuwa, ni da za a bi tawa, kada su shiga ruwa sam. Ba su da nauyi. A aiko su ta jirgin sama, ko wani amintacce mai dawowa gida ya riƙo su a jakarsa. Ganga idan ta sami rauni ana iya gyara ta, kwalin giya idan ya ɓace a tasha shi ke nan.

Takardu kuma a fara su kafin kaya ya tashi. A Najeriya mai shigo da kaya yana buɗe Form M ta bankinsa, hukumar kwastan ta fitar da takardar kimantawa da ake kira PAAR. Injinan aikin katako suna ƙarƙashin lamba 8465 a jadawalin kwastan na duniya, kayan gyaransu 8466. A tabbatar abin da aka rubuta a rasit ya dace da abin da ke cikin akwati, a kuma rubuta a fili cewa injin tsoho ne. Kowace rana da kaya ya ƙara a Apapa ko Tin Kan bayan kwanakin alfarma, kuɗin ajiya yana hawa, kuma kuskuren harafi ɗaya a takarda yana iya cin makonni. A tambayi mai tura kaya tun farko, a rubuce, wane kuɗi ne za a biya a tashar sauka, domin a haɗakar kwantena nan ne mutane suka fi shan mamaki. Inshora ma a karanta ta, saboda ta tsofaffin injina sau da yawa ba ta ɗaukar tsatsa ko karaya, sai ɓatan kaya gaba ɗaya. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, yana da kyau a tambayi ejan ko kayan zai iya wucewa can a yi fitonsa kusa da gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma sun ga yadda rufe iyakar Nijar da Binin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkatar da kaya daga Kwatano zuwa Lome, hanya ta ƙara tsawo. Su sai su ƙara wa akwatinsu ƙarfi. Daga Legas zuwa Kano ma tafiyar kilomita wajen 1,000 ce a bayan tirela, kuma girgizar wannan hanya ba ta gaza ta teku ba.

Akwai abin da ke ba ni ƙwarin guiwa a duk wannan lamari. Injin ƙawa na hannu ba shi da wani sirri da ya gagari maƙeranmu. A Panteka ta Kaduna, a Kofar Ruwa, a Suwame ta Kumasi, akwai masu injin sassaƙa ƙarfe da ke fitar da abin da ya fi giyar injin katako wuya. Giyar wannan inji ba ta ɗaukar wani nauyi, da hannu ake juya ta, ana iya yanka ta daga alminiyam, ko tagulla, ko roba mai tauri. Farantin rabo faifai ne da ramuka, abin da yake bukata shi ne a huda su daidai, kuma masu injin yankan ƙarfe da kwamfuta sun fara yawaita a manyan garuruwanmu. Abin da ke hana su shi ne rashin samfuri. Don haka nake kira ga ƙungiyoyin kafintoci, irin na 'yan katako da ke Na'ibawa da sauran kasuwanni, su haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya cikakke, wanda ba abin da ya ɓace a jikinsa, ko da ya fi tsada. Idan ya iso, kafin a sa masa katako, a auna kowace giya, a ƙirga haƙoranta, a zana ta a takarda, a ajiye zanen a ofishin ƙungiya. Daga nan duk wanda ya samo ganga mai araha ba giya, ya san inda zai je. Makarantun fasaha na jihohi su ma suna da injina da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu, ga aiki nan mai amfani.

Kuma katakon da za a sa wa injin muna da shi. Maɗaci yana karɓar murɗi da kyau, ƙirya da kanya suna da taurin da ke riƙe siririn zane ba ya fashewa. Sharaɗin shi ne ya bushe sosai, domin ginshiƙin da aka murɗa da ɗanyen katako zai tsage a hunturun farko. Mai son fitar da kayansa waje kuma ya sani cewa maɗobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun 2017, ba a fitar da ita sai da izini.

Idan akwatin ya iso shago, kada a yi gaggawar kunna rauta. A wanke giris da kananzir, a zaunar da injin a daɓe mai lebur, a gwada layukansa da ma'aunin ruwa, a ja keken da hannu daga kai zuwa kai. Sannan a ɗaura fensir a gurbin baki, a sa guntun katako mara amfani, a juya mariƙi a ga layin da fensirin zai zana. Idan an koma baya fensirin ya bi sawunsa na farko, injin ya iso lafiya. Idan ya kauce, akwai rawa a giya ko a sandar zare, kuma a nan ne gyara zai fara.